Daga Furfuri Zuwa Jidda: Tafiyar Gabas Mai Farawa Da Yamma

Duk wanda ya yi salla a Furfuri, cikin Ƙaramar Hukumar Bungudu, ya san inda Makka take ko da bai taɓa riƙe taswira ba. Gabas ce, a ɗan karkata hagu. Masu lissafi za su ce daga yankin Gusau alƙibla na wajen digiri 69 idan aka fara ƙirga daga arewa. Da za a ja layi daga gaban liman ya miƙe sak ba tare da ya kauce wa dutse ko kogi ba, zai ratsa ƙasar Katsina, ya shiga kudancin Nijar, ya bi ta arewacin Tafkin Chadi, ya keta Chadi da Sudan, ya tsallake Kogin Nilu da Bahar Maliya, ya sauka a gaɓar Hijaz. Tsawon wannan layi daga Gusau zuwa Jidda kimanin kilomita 3,600 ne. Jirgin sama na zamani, mai cin kilomita 850 zuwa 900 a awa guda idan ya daidaita a sama, zai gama da shi cikin awa huɗu da 'yan kai, a ƙara masa lokacin tashi da na sauka.

Amma shekara da shekaru maniyyacin Furfuri ba ta nan yake farawa ba. Ranar da aka kira sahunsu, Makka yake ba baya. Mota ce za ta ɗauke shi ta Bungudu da Maru da Talata Mafara da Tureta, ta yi arewa maso yamma fiye da kilomita 200, har filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na III da ke Sakkwato. Na Tsafe kuwa sai ya fara zuwa Gusau kafin ya kama wannan hanya. Kowane kilomita da motar ta ci, ƙara nisanta shi da Ka'aba take yi. Daga Sakkwato zuwa Jidda kimanin kilomita 3,700 ne, zuwa Madina kuma wajen 3,850. Idan jirgi ya ɗaga, a cikin mintocinsa na farko yake mayar da tazarar da aka wuni ana ci a kwalta.

A mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai mil 48, wato wajen kilomita 80, ta isa a yi mata ƙasaru. Ke nan tun kafin ya hango jirgin da zai ɗauke shi, Alhajin Zamfara ya riga ya zama matafiyi a shari'a, ya ninka ma'aunin fiye da sau biyu.

Yadda ake auna nisan sama

Mutane da yawa kan ɗauki taswirar bango su aza ma'auni tsakanin birane biyu, su ce ga nisan. Taswirar bango shimfiɗaɗɗiya ce, duniya kuwa dunƙulalliya, don haka ma'aunin yakan yi ƙarya, musamman a doguwar tafiya. Hanya mafi sauƙi ta gane abin ita ce a kife ƙwarya, a ɗiga alama biyu a bayanta, a ja zare tsakaninsu har ya ɗame. Inda zaren ya kwanta, nan ne mafi gajeriyar hanya. Da wannan layi ake lissafin nisan sama tsakanin kowane birni da wani, kuma da shi ɗin ne ake fitar da alƙibla. Shi ya sa masallatan New York ke fuskantar arewa maso gabas alhali a taswirar bango Makka na kudu da su, shi ya sa kuma jirgin da ya tashi daga Turai zuwa yammacin Amurka kan bi ta saman ƙanƙarar Girinlan. Mu da ke kusa da tsakiyar duniya, lanƙwasar ba ta da yawa, amma tana nan.

Matuƙa jirgi ba su cika magana da kilomita ba. Milin teku suke amfani da shi, wanda kowane ɗaya kilomita 1.852 ne. A bakinsu Sakkwato zuwa Jidda mil 2,000 ne da ɗan ɗori. Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, Maiduguri wajen 3,000, Legas kuma wajen 4,200. Idan aka gwada da hanyar Singafo zuwa New York, wadda ta haura kilomita 15,000 kuma ake shafe awa 18 zuwa 19 a sama ba a sauka ba, tafiyarmu matsakaiciya ce. Sai dai ga tsohuwar da ba ta taɓa wuce Kasuwar Daji ba, awa biyar a ɗaure da bel a kujera ba wasa ba ne.

Wannan bambancin kilomitoci yana fitowa ƙarara a kuɗin kujera. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa a 2006, takan raba ƙasar shiyya uku idan za ta faɗi farashi. A aikin Hajjin 2025 maniyyatan Barno da Adamawa sun biya kimanin naira miliyan 8.3, sauran jihohin Arewa kimanin miliyan 8.4 da ɗoriya, na Kudu kuma kusan miliyan 8.8. Masauki ɗaya ne a Makka, tantin Mina ɗaya, abinci ɗaya. Man jirgi ne ya raba su. Wani abin lura shi ne Kano da Sakkwato kuɗi ɗaya suke biya duk da bambancin kusan kilomita 300 da ke tsakanin nisansu zuwa Jidda ta sama. A nan mutanen yamma sun ci riba a takarda. Wahalar hanyar mota ce ba ta shiga lissafin kowa.

Da can, da ƙafa

Wannan layin da jirgi ke bi cikin rabin wuni, kakanninmu da ƙafa da jaki da raƙumi suka san shi. Akwai tsohuwar hanyar arewa, ta Agadas da Fezzan zuwa Alƙahira. Ita ce Malam Jibrilu ɗan Umar ya kama, kuma a Agadas ne ɗalibinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rabu da shi ya komo gida, don bai nemi izinin mahaifinsa na wucewa Hajji ba. Shehu, wanda daga baya ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, har ya koma ga Mahaliccinsa a 1817 bai taka Makka ba. Ga mutum irinsa ma nisan ya zama katanga.

Sai hanyar gabas, wadda ta fi cika da talakawa: Kano, Barno, a haye zuwa Fort Lamy da yau ake kira Njamena, a yi Abeshe, a shiga Darfur ta Janaina da Alfashir, a wuce Al'ubayyid, a kai Omdurman, a gangara Sawakin a jira jirgin ruwa. Ba a ƙirga wannan tafiya da kwanaki. Mutum kan tashi da iyalinsa, guzuri ya ƙare a hanya, ya tsaya ya yi noma damina ɗaya ko biyu, ya ƙara gaba. Wasu shekara uku, wasu bakwai, wasu yaran da aka goya daga gida su ne ke isa da gemu. Mai tafiya yakan raba gado, ya yafe bashi, ya nemi gafarar dangi, domin babu wanda ke sa ran lalle zai dawo. Al'adar zagayen bankwana da maniyyata ke yi har gobe gida-gida, daga nan ta samo nauyinta.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na I ya yi hijira gabas da dubban jama'a, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran mutane har Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, mahajjatan Afirka ta Yamma ne suka zama ƙashin bayan ƙwadagon wurin. Da yawa sun tsaya neman kuɗin jirgin ruwa, suka zauna ke nan. Hausawan Sudan na yau, yawancinsu jikokin mutanen da tafiya ta tsaya musu a tsakiya ne.

Masu hali kuwa sun gano cewa hanya mafi tsawo ita ce mafi sauri. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi Hajji a 1921 ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila. Ya ninka nisan sau da yawa, amma ya je ya dawo cikin watanni.

Jirage uku a Kano

Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sojan saman Ingila guda uku suka sauka a Kano ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso a ƙarshen Oktoba, suka biyo ta Khartum da Alfashir da Fort Lamy da Maiduguri. Wato zangon alhazai suka bi tiryan-tiryan, sai dai su daga gabas suka nufo yamma. Ba mamaki: inda rijiya da gari suke, nan ake iya share fili a ajiye gangar mai. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano, kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu dubban jiragen yaƙi da ake haɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana suka riƙa bin wannan layi zuwa Masar, Kano da Maiduguri na cikin manyan zangonsu.

Bayan yaƙi attajiran Kano suka kafa kamfanin jigilar alhazai, da manyan motoci tukuna, daga baya da jirage, kuma sunansa ne ya bi unguwar Wapa ta Fagge inda ake canjin kuɗi a yau. Sardauna Ahmadu Bello ya yi Hajjinsa na farko a 1955. Zuwa shekarun 1970, da kuɗin mai suka shigo, Hajjin ƙafa ya zama labarin da tsofaffi ke bayarwa. A 1981 Saudiyya ta buɗe filin jirgin Sarki Abdul'aziz a Jidda da sashen alhazai mai rufin tantuna, wanda duk Alhajin da ya kwana a ƙarƙashinsa yana jiran jirgin dawowa ba ya mance shi.

Gusau ba ta shiga wannan rabo ba. Jirgin ƙasa ya iso ta tun zamanin Turawa a kan layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda, auduga da gyaɗa suka raya ta, amma ta sama ƙaramin fili kawai ta samu, wanda babban jirgi ba ya iya sauka. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, ta samu gwamna da majalisa da hukumar jin daɗin alhazanta, filin tashi kuwa ya ci gaba da zama na maƙwabta shekaru da yawa.

Layin da ba ya miƙewa kullum

Nisan da ke rubuce a takarda ba ya canzawa, amma jirgi ba ya bin sa yadda ya ga dama. Sararin sama ma yana da hanyoyi da mahaɗa da masu ba da izini, kuma kowace ƙasa ce ke da ikon samanta. Alhazan Najeriya sun ga haka da idonsu a 2023. Ranar 15 ga Afrilu yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, saura 'yan makonni a fara jigila. Sudan kuwa ita ce tsakiyar hanya, faɗinta daga Darfur zuwa Bahar Maliya ya fi kilomita dubu ɗaya da ɗari biyar. Dole jirage suka zagaye ta, tafiyar ta ƙaru da awa biyu ko fiye, kamfanonin jigila kuma suka tsaya kai da fata sai an ƙara musu dala 250 a kan kowane maniyyaci. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, in ji Bahaushe, amma a sama kowane minti da kuɗinsa. Bayan 'yan watanni, juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai ya sa Nijar ma ta rufe samanta na wani lokaci, jiragen da ke tsakanin Turai da Najeriya suka koma dogon zagaye.

Abin ban tausayi a nan shi ne garuruwan da aka riƙa ji a labaran yaƙin, Janaina da Alfashir da Al'ubayyid da Omdurman, su ne dai zangon kakanninmu. Ƙasar da ta ciyar da mahajjata shekaru aru-aru ta zama wadda ko ta samanta ba a iya wucewa.

Ƙarin nisa ba ƙarin lokaci kaɗai yake jawowa ba. Jirgi yana da iyakar nauyin da zai iya ɗagawa da shi. Idan hanya ta ƙaru, mai ya ƙaru, kuma duk tan ɗin man da aka ƙara, wani abu ne zai sauka, ko mutum ko kaya. Zafi ma yana da nasa hukuncin. Iska mai zafi ba ta da kauri, fukafuki da inji ba sa samun abin kamawa sosai, don haka jirgi mai cikakken lodi yana buƙatar doguwar hanyar gudu kafin ya ɗaga. A Sakkwato, inda zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma yana cikin dalilan da suka sa ake son tashin dare ko na asuba. Alhajin da ke faɗa da ma'aikata a gaban sikeli saboda an ce jakar tsarabarsa ta yi nauyi, da wannan lissafin yake faɗa bai sani ba. Haka ruwan Zamzam da aka ƙayyade wa kowa lita biyar.

Mutanen tsohuwar Jihar Sakkwato, wadda Zamfara ke cikinta a lokacin, sun san abin da gaggawa ke haifarwa a wannan hanya. Ranar 11 ga Yuli 1991 jirgi samfurin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi haya don jigilar Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato da alhazai. Tayoyinsa sun fashe tun yana gudu a ƙasa, suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgin ba a sani ba. Matuƙan sun juyo don su sauka, amma jirgin ya faɗi kafin ya kai. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya fita. Bincike ya nuna an san wasu tayoyin ba su da isasshiyar iska, aka ƙi tsayawa a gyara don kada a makara. Daga cikin kilomita 3,700 da ke gabansu, 'yan kaɗan suka ci. Kafin wannan, ranar 22 ga Janairu 1973, jirgin Boeing 707 da ya kwaso alhazai daga Jidda zai kai su Legas ya karkata zuwa Kano saboda rashin kyawun yanayi, ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu.

Akwai kuma abin da saurin jirgi ya jawo wa malamai. Mai tafiyar ƙasa yana isa miƙati ya sauka, ya yi wanka, ya ɗaura harama a natse. Jirgin da ya nufi Jidda kuwa cikin ƙiftawar ido yake gifta daidai miƙatin, shi ya sa ake ce wa maniyyata su shirya tun daga gida ko a cikin jirgi, su jira sanarwa. Yanzu da yawancin alhazan Najeriya ke fara sauka a Madina, abin ya yi sauƙi: a Zul-Hulaifa suke ɗaukar harama, sannan su kama hanyar Makka mai kimanin kilomita 450. Agogo ma sai an gyara, don Saudiyya na gabanmu da awa biyu. Wanda ya tashi Sakkwato da tsakar dare, ko da awa biyar kawai ya yi a sama, hantsi zai tarar a can.

Abin da filin Gusau zai rage

A watan Yunin 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da aikin filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa a Gusau, tare da Ministan Sufurin Jiragen Sama Festus Keyamo. Gwamnatocin da suka gabata ma sun yi ta maganar irin wannan fili. Akwai masu cewa jihar da ke fama da 'yan bindiga da ƙarancin asibitoci da makarantu ba filin jirgi ne ya kamata ya zama gabanta ba, kuma maganarsu ba ta banza ba ce, don Najeriya cike take da filayen jihohi da ba sa ganin babban jirgi sai lokacin Hajji.

Idan da nisan sama za a auna, hujjar ginin ba ta da ƙarfi. Tashi daga Gusau maimakon Sakkwato kilomita ɗari da 'yan kai kawai yake ragewa, abin da bai kai minti goma ba a cikin jirgi. Ribar tana ƙasa. Tana cikin kilomita 200 na zuwa da 200 na dawowa a hanyar da direbobi ke duban rana kafin su kama ta, wadda ayarin alhazai ba ya bi sai da rakiyar jami'an tsaro. Tana cikin kwanakin da dattijo ɗan shekara saba'in ke yi a sansanin alhazai a garin da ba nasa ba, an ce jirgi gobe, gobe ta zama jibi, guzurin da ya tanada don Makka yana narkewa a sayen abinci da ruwa. Tana cikin dangin da ke cika mota su bi shi rakiya, su ma su shiga haɗarin hanyar sau biyu. A ganina, wanda ya auna tafiyar Alhajin Furfuri daga filin jirgi zuwa filin jirgi ya bar mafi wuyar rabinta a waje. Sau da yawa awannin da ke tsakanin ƙofar gidansa da matakalar jirgi sun ninka waɗanda ke tsakanin matakalar da Madina.

Sai dai kwalta mai tsawo ita kaɗai ba ta sa fili ya zama na jigilar alhazai. Ana buƙatar motocin kashe gobara daidai girman jirgin da zai sauka, da ma'ajiyar man jirgi, da jami'an shige da fice da na kwastan, da fitilun dare, da katangar da za ta hana dabbobi da mutane ratsawa, da amincewar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa. A Zamfara kuma dole a ƙara da tsaron dajin da ke kewaye, domin jirgi yana ƙasa-ƙasa ne a kilomitocin farko da na ƙarshe.

Akwai wani abu da ya kamata masu tsara filin su sa a gaba tun yanzu. Watan Zulhajji yana matsowa da kwana goma ko goma sha ɗaya kowace shekara. A 2024 da 2025 an yi Arfa a watan Yuni, ana jigila cikin zafin bazara da farkon damina. A cikin shekarun 2030 jigilar za ta koma Fabrairu da Janairu da Disamba, tsakiyar hunturu, lokacin da hazo kan rufe Gusau da Sakkwato da Kano har a kasa ganin abin da ke gaba da 'yan ɗaruruwan mitoci, jirage su yi kwanaki ba su sauka ba. Filin da ba shi da na'urar da ke jagorantar jirgi ya sauka cikin hazo, a waɗannan shekarun zai ga jirgin alhazansa ya wuce Abuja ko Kano, a sake neman motocin da za su dawo da su ta Funtuwa da Tsafe.